Ranar da Baba Ya Hau Jirgin Soja Ba Takalmi

Baba ya zo mana Doha ne don a yi masa aikin gwiwa, amma tun a filin jirgi ya sanar da ni cewa shi ziyara kawai ya zo. Mutumin Yauri ne, rayuwarsa duka a kan kogi ya yi ta, yana fito da mutane da kaya a jirginsa na katako, har gwiwar dama ta ce ta gaji. Likita ya ce in ba a yi aikin a wannan zuwan ba, nan gaba kaɗan sai dai keken guragu. Baba ya ce likitan bai san gwiwar mutanen ruwa ba. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don na san halin ubana, in ya koma gida a haka ba zai sake dawowa ba, ga kwanakin bizarsa suna ta zurarewa.

Zaman gidanmu na unguwar Ain Khaled ya ishe shi. Ya ce gari a bakin teku, amma mutum ya wuni yana kallon bango. Maigidana injiniya ne a tashar jiragen ruwa, kuma tun zuwan Baba yake neman abin da zai burge surukinsa da shi, domin tsakaninsu ba abin da ke wucewa sai gaisuwa, kowa kansa a sunkuye. Ana nan sai wani jirgin sojan ruwa na wata ƙasa ya ya da zango a tashar, aka ba iyalan ma'aikata izinin zagayawa. Baba ya zumbula babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce yau zai ga igwa.

Igwar kirki dai bai gani ba. Wani ƙaton abu muka tarar mai shimfiɗaɗɗen baya kamar filin ƙwallo. Tun muna ƙasa sojan da aka haɗa mu da shi ya fara bayani da Turanci, maigidana yana fassarawa. Wai shi wannan jirgi ba ya bin kowa da faɗa. Wuri yake samu a tsakiyar teku ya zauna wata da watanni, ƙananan jirage da masu saukar ungulu su tafi aikinsu su dawo wurinsa shan mai, a gyara wanda ya lalace, mutanen su ci abinci su yi barci. A cikinsa akwai gidan burodi, akwai wurin walda, har da asibiti.

"Injiniya, ashe tasha ka kawo ni," in ji Baba.

Maigidana ya yi sauri ya ƙara da abin da yake ganin zai gyara zancen. Ya ce bayan jirgin buɗewa yake yi, a bar ruwa ya shiga da gangan har ya ɗan nitse, ƙananan jiragen su shige cikinsa kai tsaye.

Baba ya dube ni, don ba zai dubi suruki ido cikin ido ba. "Ke, tun ban yi gemu ba nake kwalfe ruwa daga cikin jirgi. Waɗannan su da kansu suke zubawa? Allah ya kyauta."

A wurin su Baba, jirgin mutum ɗakinsa ne, ba ka taka shi da takalmi. Wannan na sani sarai, amma hankalina yana kan yadda zai hau matakalar da wannan ƙafa. Ashe ya zare takalmansa a gindinta, ya jera su tsaf kamar a ƙofar masallaci, babbar riga ta rufa masa asiri. Ta cikin inuwa aka fara bi da mu, sannan aka fito da mu filin saukar jirage, tsakiyarsa kuwa. Ƙarfe ne zalla, ya sha ranar Doha tun safe.

Na ga tafiyar Baba ta sauya. Ya ɗaga wannan ƙafa, ya sauke, ya ɗaga waccan, fuskar nan tasa a ɗaure kamar ba abin da ke faruwa. Mai lafiya da gudu zai nufi inuwa, shi kuwa gwiwa ta ƙi. Da maigidana ya gane, sai ya cire nasa takalman ya tura masa, yana cewa, "Baba, ku sa, don Allah ku sa." Baba ya ce bai saba sa takalmin suruki ba. Nan take injiniyan ma ya fara ɗaga ƙafa cikin safa. Su biyu suna fuskantar juna suna ta tsalle-tsalle, kowa yana kawar da kai don kunya, sojan yana kallonmu yana tsammanin ko wata al'adar gaisuwa ce. Wallahi na yi dariya, kuma ban daina ba sai da gwiwar ta lanƙwashe Baba ya zube.

Maigidana ya kai hannu, Baba ya ce kar ya taɓa shi. Kafin su gama wannan jayayya wasu sojoji mata biyu sun iso da gadon ɗaukar marasa lafiya, suka sure shi da shi da babbar rigar, ba su tambayi ra'ayinsa ba. Haka aka gangara da shi lungu-lungu zuwa asibitin jirgin, surukinsa na biye da hularsa a hannu.

Ƙunar ba ta yi tsanani ba, tafin ƙafar Baba ya fi na kowa kauri. Aka shafa magani aka naɗe. Ya juya wa kowa baya yana fuskantar bango. Dariyar tawa ta tafi, tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin ubana a kwance a gaban mutane ba.

"Injiniya ya fita?" ya tambaya.

Na ce eh, ya fita.

"Yau mijinki ya ga an ɗauke ni," in ji shi, har yanzu bai juyo ba. "In na koma keken nan, kullum haka za a riƙa yi da ni ke nan?"

Sai ya yi ajiyar zuciya.

"To, ki gaya wa likitan a yi aikin. Amma ranar da za a tura ni ɗakin tiyata, ki aiki Injiniya can Umm Salal, bayan gari, ko me zai sayo."