Gansakuka a Robar Inna Soso

Shekara ashirin da shida Inna Soso ta yi tana goge-goge a wani ɗakin shan magani, har ma'aikatan suka manta sunanta na yanka. Mace ce da in ta hango tabo a bango, gaisuwa ma sai ta jira. Da ta ajiye aiki ta dawo gida da halinta, sai abin ya faɗa kan maigidanta.

Shi Malam tsohon mai kula da lambu ne. Abin da ya tsira da shi daga aikin tukunya ɗaya ce, ta wani tsiro mai son inuwa, ganyensa kamar gashin jimina, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Tsiron ya tsufa, idon Malam kuma kullum ƙara dushewa yake, likita ya ce sai haƙuri. Burinsa ɗaya, ya ga tsiron nan ya haihu kafin ganin ya tafi.

Wata safiya Inna ta juya ganyen, ta ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa jere a bayansa. Ta ce ƙwari ne. Ta ɗauko tsumma da sabulu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da Malam ya shafa ganyen ya ji sumul, sai ya zauna jagwab. Ashe irin ke nan ta wanke, wata ƙura ce ke nuna a cikin ɗigon ta zube. Sai da aka jira wata biyu kafin wasu suka fito.

Wannan karon Malam ya kakkaɓe ƙurar a takarda, ya barbaɗa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin robar abinci mai murfi, robar da Inna ta fi ji da ita, ya ajiye a tagar kicin. Bayan makonni fuskar ƙasar ta yi kore shar. Gansakuka, a kicin ɗin Inna Soso! Ba ta tambayi kowa ba ta zubar, ta wanke robar da ruwan zafi, ta kife ta a rana.

Malam bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Bayani kawai ya yi mata. Ƙurar ba ta haifar tsiron kai tsaye. Wani ɗan falle kore take fara yi, bai kai farce ba, namiji da mace duk a jikinsa, kuma sai da laima namijin ke iyo ya kai ga macen. Daga nan ɗan tsiron ke fitowa.

"Wato ƙazantar ce uwarsa?" in ji ta.

"Ita ce. Saura ganye ɗaya mai iri, ni kuwa yanzu ba na ganin ɗigon."

Dole ita ta kakkaɓe, ita ta barbaɗa. Kowace safiya tana yayyafa ruwa tana mita, wai wane irin tsiro ne wannan da ba zai yi ƙwaya kamar kowa ba sai ya bi ta bayan gida. Koren ya dawo, hannunta na ƙaiƙayi, ta daure. Ranar da ƙanwarta ta zo ta ɗauki robar za ta taya ta wanke-wanke, tsawar da Inna ta daka mata har maƙwabta sun ji. Tsohon tsiron kuwa ya bushe a wata na uku.

Cikin wata na biyar wani ɗan zare kore ya ɗago kai da ganye mitsitsi. Ta kai robar bakin ƙofa wajen haske, ta ɗora wa Malam a cinya. Ya kusanto da fuska, ya karkata kai hagu da dama, ya ce hazo kawai yake gani. Haushi da kuka suka taso mata tare, don ta san watannin da ganin nasa yake da saura ita ta cinye su da soso. Ta fizgo yatsansa.

"A hankali mana, Malam, kai da hannu kamar fartanya. Nan. Ka ji shi?"

Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

"Na ji shi," in ji Malam.