Ranar da Umma Ta Faɗa Taɓo

Umma ta tsufa a Jidda ba ta taɓa zama a bakin teku ba. Aikin hajji ya kawo ta, ta yi zamanta, ta haife mu a unguwar Nuzla, kuma har ta koma ga Allah ba ta riƙe iƙama, takardar izinin zama, a hannunta ba. Gyaɗa take sayarwa a bakin titi. Tun kafin mu iya karatun salla ta koya mana cewa in ka hango kaki, ka cire takalmi, ka bar faranti, ka ranta a na kare. Wanda aka kama sai gidan tarhil, inda ake tsare marasa takarda, daga nan a sa shi a jirgi, 'ya'yansa kuwa oho.

Sai ga ɗan wanta ya zo daga Kano, likita, da takardunsa cif da mota mai sanyi. Mutumin kirki ne, ban musa ba, amma bai san garin da muke ciki ba. Wata Juma'a ya dage sai ya kai mu kudu da gari, wani wuri da aka killace inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Umma ta kawo uzurin ciwon ƙafa, ta kawo na wanki, shi kuwa ya rantse ba a tambayar kowa takarda a can. Ƙarshe ta ɗauko abayarta ta zuwa biki.

Wurin ya yi kyau, wallahi, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan. Doguwar gadar katako ce ta ratsa cikin itatuwan, ƙarƙashinta taɓo, saiwoyi sun tsattsago sama kamar ƙusoshi. Ga ƙananan ƙaguwoyi birjik, wata na ɗaga ƙaton hannu ɗaya, Umma ta ce sak maƙwabciyarmu in tana tsayar da tasi. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Can nesa wasu dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda sun dulmiya kai cikin ruwa. Ta tambayi mai su, Yaya likita ya ce ba su da kowa, daga wata ƙasa suke zuwa, su tafi ran da suka ga dama. Ta ce ashe ko kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ba su da shi. Na daɗe ban ji ta yi dariya irin ta ran nan ba.

Muna tsaye sai ga wani cikin kaki da hula yana nufo mu da sauri, hannu a ɗage, riƙe da wani baƙin abu. Ta hanyar fita ya ɓullo. Kafin in waiwaya Umma ta cire takalmi, ta sunkuya ta ƙarƙashin katakon kariya, ta dira cikin taɓo. Taku kaɗan ta yi ta nutse har gwiwa, saiwoyin nan suka soke mata tafin ƙafa. Ƙaguwoyi suka shige ramuka, masu yawon buɗe ido suka ɗaga wayoyi.

Ashe ma'aikacin wurin ne. Ya ga tsohuwa na ƙanƙance ido, ya kawo mata madubin hangen nesa. Bawan Allah da takalminsa ya shiga taɓon yana ba ta haƙuri. Ita kuwa ta haɗa hannuwanta biyu ta miƙa masa, ta ce da Larabci, “Halas, ka tafi da ni. 'Yata ba ruwanta, a nan aka haife ta.”

A mota Yaya ya fara cewa haba Gwaggo, ai kin ba mu kunya gaban mutane. Na ce masa ya ja motarsa kawai. Ban sake yi masa magana ba har ya gama aikinsa ya koma gida, kuma ban yi nadama ba.

Da la'asar na zauna ina wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, ina zare ɓaraguzan itace. Ba ta ce wash ba. Can ta ce, “Wai me yake so ya nuna mini?”

Na ce tsuntsayen nan ne, masu ruwan hoda.

Ta daɗe tana kallon ruwan kwanon, sannan ta ce, “Da na tsaya na gani.”

Ƙafar ta warke. Amma daga ranar, iyakarta ɗakinmu da bakin titin da take ajiye faranti, har ran da aka fitar da ita a makara.