Dunoma Mai Gyaran Famfo

A ƙauyukan Roni da Gwiwa, in famfon tuƙa-tuƙa ya daina kawo ruwa, ba wanda ke cewa a kira kamfani, cewa ake a nemo Dunoma. Babarbare ne. Kakansa ya zo Kazaure fataucin kanwa ya zauna, shi kuwa gaisuwa kaɗai ta rage masa a Barbarci. Ya taso a wurin masu gyaran injin ban ruwa, daga nan wani ɗan kwangila, Alhaji Muhammadu Lawal, ya ɗauke shi sa'ad da ya buɗe kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse. A lokacin daga shi sai Alhaji, sai wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura.

Kamfani ya bunƙasa, aka kama ofis mai fanka da labule. Dunoma dai yana nan kan babur ɗinsa, sufanu ɗaure a baya, yau Kanya Babba, gobe Achilafiya. Tafin hannunsa ya yi kanta har jikokinsa na gudun ya shafa musu kai. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya ajiye magana. In aiki bai yi ba, a gaban kowa zai faɗa.

Da aka tashi naɗa mai kula da ma'aikata, sai aka ba Halliru, ƙanen matar Alhaji, wanda bai taɓa riƙe bututu ba. Dunoma ya haɗiye, ya ce sha'anin dangi ne. Abin da ya kasa wuce masa a wuya shi ne na Muhsin.

Dunoma aka haɗa da Muhsin, sabon ma'aikaci, ya koya masa aiki. Muhsin mutum ne mai fara'a da tsabta, amma hannunsa kamar an shafa masa man shanu. Wata rana a Gwiwa suna fito da bututai ya saki, duk suka zurma cikin rijiya. Dunoma ya yi kwanaki yana lalubensu da ƙugiya, matan gari suna tsaye da jarkoki suna harararsa, Muhsin yana gindin darbejiya yana amsa waya. Sai dai ya iya zance. In baƙi masu ba da tallafi suka zo, shi ke gaba yana bayani, Alhaji yana gyaɗa kai. Damina ba ta zagayo ba aka yi masa sufabaiza, aka ƙara masa albashi, aka ba shi sabon babur.

Dunoma ya shiga ofis da baƙin mai a riga, ko zama bai yi ba.

"Alhaji, ranka ya daɗe, tambaya na zo yi. Me Muhsin ya iya da ban iya ba?"

Alhaji ya yi dariya. "Haba Dunoma. Ai kai ne kamfanin nan. To in na zaunar da kai a ofis, wa zai shiga daji? Muhsin? Kai ma ka san ba zai iya ba."

"Wato don bai iya ba aka ɗaga shi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa, ranka ya daɗe. Ashe da na yi ta zuba bututai a rijiya, da tuni ina ƙarƙashin fanka."

Alhaji ya ce a yi haƙuri, komai lokaci ne. Ya buɗe kabad ya miƙo masa sabuwar hular kwano da rigar aiki mai sunan kamfani a baya. Dunoma ya karɓa don girman Alhaji, a hanya ya ba wani mai faci.

Daga ranar gidansa bai ƙara jin wani zance ba. Da safe Muhsin, da rana Muhsin, kan tuwo Muhsin. Matarsa Shatu ta jure iya jurewarta, rannan ta dire kwanon miya ta ce, "Malam, ko dai ka bar aikin nan, ko ka bar mu mu ci abinci lafiya. Ni ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma ya fi kowa zama a gidan nan."

Ya san gaskiya ta faɗa. Bayan kaka ya ajiye aikin, ya haɗa 'yan kayan aikinsa ya fara cin gashin kansa. Abin bai zo da sauƙi ba. Mutanen ƙauye sai sun yi karo-karo kafin su kira shi, wasu da gero suke sallamarsa, wasu da addu'a. Amma ya ce ko ba komai ya huta da karɓar umarni daga wanda bai san kan sufana ba.

Hutun bai daɗe ba. Gyare-gyare suka yi wa kamfani yawa, ba mai yi, sai aka koma ba Dunoma aikin a matsayin ɗan kwangila. Ya so ya ƙi, Shatu ta tuna masa da auren 'yarsu da ke tafe. Wanda ke raba ayyukan kuwa Muhsin ne, yanzu ya zama manaja.

Kwanan baya Dunoma yana kan wani famfo a wajen Babura, gumi har cikin ido, wayarsa ta yi ƙara. Mai unguwa da ke tsaye kusa ya ciro masa ita daga aljihu ya kara masa a kunne.

"Baba Dunoma, sannu da aiki," in ji Muhsin. "Na ce don Allah a kula wajen ɗaure bututan nan, ka san suna da santsi."

Dunoma ya rufe ido. Can ya ce wa mai unguwa, "Mayar da ita aljihu."

"Ai bai gama magana ba."

"Bar shi ya ƙarasa a can. Riƙe mini nan."