Makullin da na kwance daga haɓar zanina

A shekarun da abin nan ya faru, ni mace ce da ba a jin muryarta ko a tsakar gidanta. Ina zaune a Hadejia, a unguwarmu ta kusa da kogi, mijina ya rasu, ina ƙulla gyaɗa da garin kuka ina sayarwa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, don haka ku yi haƙuri da rubutuna, ku masu wannan mujalla. Mutane suna yabon haƙurina, ni kuma ina jin daɗin yabon. Asalinmu Fulani ne da suka zauna gari, shanun sun ƙare amma kunyar tana nan. Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kuma ko a nan ba zan kira ba.

Yaron nan ya yi karatun kwamfuta. Da rana yana koyarwa a wata makaranta, in ya taso sai ya shige ɗakinsa. Ya kafa wata 'yar eriya a kan rufi, wai tana karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam. Na daɗe ina zaton wasa yake, sai wata rana ina tsince shinkafa ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce kowace kwamfuta akwai agogo a cikinta, kuma agogon yana zamewa, wani ya yi gaba wani ya yi baya, in suka saɓa da juna ayyuka da yawa suna rikicewa. Shi da wasu mutane a ƙasashe daban-daban, waɗanda bai taɓa haɗuwa da su ba, suna kula da wata manhaja da ke daidaita waɗannan agogo ta intanet. Manhajar takan tambayi agogo da yawa, ta gwada amsoshinsu, ta yar da wanda ya fita daban, sannan ta ja agogon kwamfutar a hankali har ya dawo daidai. Rubutunta a buɗe yake, kowa yana iya karantawa, ya ɗauka kyauta, ya kawo gyara, amma 'yan kaɗan ne aka amince su sa hannu kafin gyara ya shiga, kuma yana cikinsu. Ba a biyansu. Na tambaye shi to me yake samu, ya ce suna, Inna, yardar mutane. Na kau da kai na ci gaba da tsintata, amma ranar ko abinci ban iya ci sosai ba don daɗi.

Akwai ɗan yayana, taubashinsa, da kullum yake ɗakin yana koyo. Yaro ne mai kaifin kai, sai dai gaggawa. Yakan kira ɗana mai gadin agogon duniya marar albashi, ɗana kuma ya kira shi bawansa, su yi ta dariya. Wata rana ya rubuto nasa gyaran. Na ji su ta taga, taubashin yana cewa don me za a yi ta jan agogo kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, a tsallaka da shi kawai a wuce wurin. Ɗana ya ce a'a, in ka fizgi agogo ya koma baya, na'urar da ke aiki a kansa sai ta ga abin da ya faru ɗazu kamar bai faru ba tukuna, don haka taubashin ya je ya sake tunani. Yaron ya fito yana dariyar yaƙe, ya gaishe ni, ya wuce.

A daminar shekarar ne ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, kogi ya cika ya fara cin jingar da ke tare shi. Aka yi shela maza su fito da buhuna. Mu mata aka kwashe mu zuwa gidan yayana da ke kan tudu, tare da kwamfutar ɗana. Kafin ya tafi bakin kogi ya miƙo mini wani ɗan abu da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce shi ne makullinsa, da shi yake sa hannu. Ya ce in ɗaure a haɓar zani, kada in ba kowa. Ya maimaita, kowa fa. Bayan azahar sai ga taubashin nasa, ƙafarsa tsaf ba ko ɗigon laka, ya durƙusa ya ce gwaggo, wai ɗana ne ya aiko shi ya karɓa. Na ɗan yi shakka. Amma ina zaune a gidan ubansa ina cin tuwonsu, yaya zan dubi ɗan yayana in ce ban yarda da shi ba? Na kwance na ba shi. Lambar sirrin makullin ashe tuni ya haddace ta a zaman da yake yi kusa da ɗana. Na gan shi da idona a ƙarƙashin darbejiya da kwamfutar a cinya, har ya ɗago ya ce in sa masa albarka, yau zai gyara wa duniya lokaci. Na sa masa.

Ruwa bai gama janyewa ba maganar ta fito. Gyaran da aka ƙi ya shiga da sa hannun ɗana, wasu suka ɗauka saboda sun san hannun, agogonsu ya tsallaka baya, aikinsu ya dagule. Abokan aikin ɗana suka cire gyaran, suka janye izininsa. Ba su zage shi ba. Cewa suka yi ko shi ya yi, ko ya bar makullinsa a inda bai kamata ba. Ya tambaye ni a ɗaki, na gaya masa gaskiya. Abin da ya nema kaɗan ne, taubashin ya rubuta wa mutanen nan ya ce shi ne. Yaron ya rantse bai taɓa komai ba. Magana ta kai ga yayana, ya tara mu a zaure. Ya ce shi bai ga abin tara mutane ba a kan agogon da ba a rataye a bango, in ma an yi ai wasan taubasai ne. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani abu. Kafin in buɗe baki yaron ya ce a bar gwaggo, ita ba ta shiga maganar ɗan fari. Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na ce ni ban san harkar yaran zamani ba. Wata a cikin matan ta ce Bafulatana ke nan. Ɗana ya dube ni sau ɗaya, ya tashi ya sa takalminsa.

Washegari ya sauke eriyar. Bai yi mini faɗa ba, gaisuwa bai fasa ba, amma ya daina zama kusa da ni in ina tsintar shinkafa. Taubashin kuwa ya ci gaba da zuwa, in dama masa fura, in tambayi lafiyar uwarsa, murya ƙasa-ƙasa kamar kullum. Ya ɗauka maganar ta wuce. Ni kuwa duk lokacin da na ɗaura zani hannuna ya taɓa haɓar, sai in tuna albarkar da ya sa na sa masa. Ban yafe ba. Jira kawai nake, kuma jira ba ya yi mini wuya.

Da taubashin ya tashi neman aure, wata yarinya ya samu a Kaugama, 'yar mutunci, yana sonta ƙwarai. Iyayenta suka turo gwaggonta da wata dattijuwa binciken hali. Sun shiga gidaje, kowa ya yabe shi, suka ƙarasa wurina don cika al'ada, tunda ba a tsammanin gwaggo ta kushe ɗan yayanta. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Suka tambayi salla, na ce yana yi. Suka tambayi shaye-shaye, na ce ban taɓa gani ba. Har sun fara gyara mayafi, sai na ce su ɗan zauna. Na ba su labarin tun daga taga har zaure, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce in aka hana shi abu yakan bi ta hannun wanda ya fi yarda da shi ya ɗauka, in ya ɓaci ya rantse. Gwaggon ba ta gane manhaja ba, amma da na zo kan haɓar zani sai na ga ta dafe tata. Ba a daɗe ba aka dawo masa da kayan neman aurensa.

Yayana ya zo har tsakar gida yana huci, ya ce na tona asirin jinina. Na ce Yaya, ranar da na yi shiru a zaurenka, jinin wa na rufe, na wa na zubar? Tun daga ranar bai sake taka gidana ba. Yaron ya rubuta wa abokan aikin ɗana ya amsa laifinsa, yana fatan iyayen yarinyar su sauko, amma ba su sauko ba. Na zaci ɗana zai yi murna. Sai ya zauna kusa da ni ya ce su a aikinsu a hankali ake jan agogo, ni kuwa fizga na yi. Na ce na sani, na kuma ji daɗin fizgar. Duk da haka bai tashi daga kusa da ni ba.

Yanzu eriyar ta koma kan rufi. Yana aika gyara kamar kowa, wasu su duba su sa hannu, izinin bai dawo ba tukuna. Ina neman gafarar Allah a kan daɗin da na ji, da kuma yarinyar da ta yi kuka ba da laifinta ba, amma ƙarya ne in ce da za a sake turo matan nan zan rufe baki. Abin da nake nadama shi ne zauren. Da na yi magana a can, kalma kaɗan ta isa, da ba a rasa aure ba, da ban rasa ɗan'uwa ba. 'Yan'uwana mata, abin da ɗanki ya ɗaura miki a zani ya ce kada ki ba kowa, har ɗan yayanki yana cikin kowa. Kunyar ɗan fari kuma ta tsaya a kan suna, kada ta kai ga shaida. Sunansa har gobe ba zan kira ba, amma duk ranar da aka sake tara mutane a kansa, za a ji muryata.