Ranin da Na Yi wa Ɓeran Masar Bauta

Ban taɓa kiwon da ya wahalar da ni irin kiwon ɓeran Masar ba. Na yi kiwon awaki ina yaro, na yi na tumaki, har jaki na taɓa riƙewa, amma babu wanda ya tatse ni kamar wannan ɗan abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Shekarun baya ne abin ya faru, lokacin da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke ƙasar Gwiwa na dawo da ita wurina a Kazaure.

Idonta ne ya mutu, sai dishi-dishi take gani, kuma ita kaɗai ce a gida tun rasuwar mahaifinmu. Ranar da wuta ta kama gefen zaninta a bakin murhu ba ta sani ba sai da maƙwabciya ta yi ihu, ranar na ce zaman nan ya ƙare. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni, shi ma da sharaɗi. Rani kawai za ta yi a wurina. Da zarar ruwan farko ya sauka, ƙaninta, wato kawuna, zai zo ya mayar da ita. Na ce to. A raina na ce kafin nan Allah zai kawo dabara.

Ni faci nake yi a bakin titi. Gidan haya nake, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida wanda in an shimfiɗa tabarma ya cika. Ba wurin ɗaure akuya, mai gidan ma ya hana. To ku duba, matar da ta yi rayuwarta kaf kukan dabbobi ne ke tashinta, an kawo ta an ajiye a kan siminti. Sai ta wuni a bakin ƙofa hannu a kan cinya. Tuwo in ta yi loma biyu ta ture. Kullum sai ta ɗaga kai sama ta ce wa matata, "Ke, ba ƙanshin hadari nake ji ba?" Alhali ko sanyi bai gama wucewa ba.

Wani abokina direba ne, hanyar Babura yake bi. Na sha yi masa ƙorafi. Wata ranar kasuwa da yamma sai ya tsaya a wurin facina ya dire min kwali mai huda-huda, ya ce ga maganin damuwata. Na buɗe na leƙa.

"Ɓera ka kawo min? Ni da nake sayen maganin kashe su?"

"Kai dai ƙauyancinka ba ya ƙarewa," in ji shi. "Ɓeran Masar ne. Ba ya sata, ba ya cizo. Kai wa Inna. In ba ta so, dawo min da abina."

Na kai mata, na ɗora a cinyarta. Ta shafa shi tun daga kai har baya, ta sake shafawa.

"Ina wutsiyar?"

"Ba shi da ita, Inna."

"Yanke masa aka yi?"

"Haka Allah ya yi shi."

Ta ci gaba da shafa shi. Shi kuwa ya cusa hanci cikin zaninta yana 'yar tsuwa. Sai ta ce, "Ɗan baƙo. Kai ma ɗauko ka aka yi ba a tambaye ka ba ko?" Na san da ni take. Na yi kamar ban ji ba.

Tun daga ranar sunansa ɗan baƙo. Na samo tsohuwar tayar mota na kwantar, na rufa mata ragar waya saboda kyanwar maƙwabta, ya zama ɗakinsa. Da na ga taya tana ɗaukar zafi sai na ja ta gindin randa, inda yashi ke da danshi. Wannan shi ne aikina. Abinci kuwa Inna ta ce kada wanda ya sa mata hannu. Ta tsara masa irin na ragon turke: dusa da safe, harawa da rana, ga ruwan kanwa a gwangwani don ya buɗe masa ciki. Ta ce kafin damina sai ya fi ƙarfin ɗauka da hannu ɗaya. Ta dawo cin abinci, ta dawo faɗa. Har ta fara gyara wa matata yadda ake tankaɗe. Tambayar hadari ta ragu.

Ba a daɗe ba ɗan baƙo ya fara lalacewa. Gashinsa ya tashi, tsuwar ta ɗauke, ƙafafunsa na baya sai jan su yake yi. In an ɗauke shi sai ya yi ƙara kamar an taka shi. Inna ta ƙara kanwa. Ya ƙara lalacewa. Ita ma ta koma bakin ƙofa ta yi tagumi, na ji tana ce wa matata, "Garin nan ba ya karɓar baƙo." Na san in abin nan ya mutu, ko ruwan ba za ta jira ba.

Allah ne ya nuna min, ba wayona ba. Wata rana na dawo cin abincin rana, matata tana yanka salak za ta yi kwaɗo, ganye ɗaya ya faɗi kusa da tayar. An buɗe ragar don ya sha iska. Abin da ya kwana biyu bai motsa ba sai ga shi ya jawo ciki ya fito, ya kama ganyen nan ya cinye tas, yana neman ƙari. Na ƙara masa. Ya cinye.

Da yamma na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, ko dai ɗanyen ganye yake so?"

"Ɗanyen ganye? Ga dabba mai ciwo? Ka taɓa ganin an yi haka ba ta yi zawo ta mutu ba? Ni na yi kiwo tun ba a san za a haife ka ba. Je ka wurin tayoyinka."

Na ce, "Haka ne, Inna." Na tashi.

Matata ta ce in koma in gaya mata gaskiya kai tsaye, cewa wannan ba rago ba ne. Na ce ba zan iya ba. Tsohuwar nan ido ya tafi, miji ya tafi, gidanta na raba ta da shi. Abu ɗaya ya rage mata da take jin ta fi kowa sani a duniya, shi ne kiwo. In na karɓe wannan ma, me ta zama a gidana? Kaya kawai da aka ajiye a lungu. Amma kuma in na bar ta da kanwarta, ɗan baƙo ya mutu, ta koma bakin murhun nan ita kaɗai.

Sai na samo hanya, ita ce wahalar da nake ba ku labari. Inna in ta yi sallar asuba takan zauna lazimi a ɗaki, ba ta fitowa sai rana ta fito. To ni daga masallaci ba na komawa gida. Keke nake hawa in nufi lambunan bakin dam. Akwai wani mai lambu da na riƙa yi wa facin kekensa, shi kuma ya bar ni in tsinci ganyen salak na waje-waje da ganyen karas. In dawo a guje, in shigo a hankali, in zuba wa ɗan baƙo, in tsaya a kansa har ya cinye, in share ɓurɓushin. In zubar da ruwan kanwa a bayan ɗaki in sa masa ruwan randa. Sauran ganyen in naɗe a jiƙaƙƙen buhu, matata ta ba shi da yamma in Inna ta shiga wanka. Sannan in tafi in wuni ina dukan taya a rana.

Da zafi ya tsananta salak ya ƙare a kusa. Na koma bin hanyar Roni ina neman duk inda injin ban-ruwa ke kuka. Ganyen dankali, alayyafo, ganyen masara, har ɓawon kankana na tsinta a tasha. Ƙafafuna suka riƙa kumbura. Sau da yawa barci ke ɗauke ni a kan benci da rana tsaka, sai mai babur ya tashe ni.

Ga kuma bakin mutane. Labari ya bazu a bakin titi. Mai shayin kusa da ni in ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Uban ɓera, ya mai jiki?" Wani ya ce kowa tarko yake ɗana wa nasa, ni nawa har salak nake kai masa kamar baƙon gwamna. Abokina direba da kansa ya ce, "Kai, in ya mutu ba sai in kawo wani ba? Ai ba gani take ba." Na ce masa hannunta ya fi idonka gani, rufe min baki.

A hankali ɗan baƙo ya miƙe. Gashi ya kwanta, ƙafafu suka dawo. In ya ji motsin takalmin Inna sai ya cika gidan da tsuwa. Ita kuwa duk matar da ta shigo sai ta ba ta labarin yadda kanwa ta tashi ɗan baƙo bayan kowa ya cire rai. Ina zaune ina ji. In ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba?" in ce, "Haka ne, Inna."

Sai ruwa ya sauka. Kowa na murna, ban da ni. Ba a yi kwana uku ba sai ga kawuna a kan babur da hantsi. Matata ta aika aka kira ni. Na tarar da su a tsakar gida, Inna da ɗan baƙo a cinya.

"Yaya, sai ki shirya," in ji kawu. "Ƙasa ta jiƙu, mutane sun fara shuka."

"To wannan fa?"

Kawu ya yi dariya. "Ɓeran? A jefa shi a kwali mana. Can ciyawa ta fara tsirowa, sai ya ci ya bari."

Na sunkuyar da kai. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Duk wahalar da na sha, ashe abin ɗauka ne a tafi da shi.

Inna ta ce, "Damina wata nawa ce? In rani ya dawo fa? Kai za ka tashi da asuba ka je masa lambu?"

"Wane lambu kuma, Yaya?"

"Tambayi wancan." Ni ne wancan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa yabona a gaban idona ba. Ta ci gaba, fuskarta na wajen kawu kamar ba na wurin. "Ido ne ba ni da shi, kunne yana nan. Harawa ba ta yin ƙarar da nake ji kullum da safe. In na ɗauke shi bakinsa ƙanshin ɗanyen ganye yake. Lazimina ma sai da na ƙara masa tsawo, saboda ranar da aka makara a hanya."

Matata ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Ni na kasa ɗago kai.

"Ka koma," ta ce wa kawu. "Gonar ka ba yaranka su noma. Ba zan kai bawan Allah inda ba mai yi masa wannan ba." Sannan ta ƙara da ƙarfi, "Amma kanwar farko ita ta buɗe masa ciki. Wannan kada wanda ya yi min musu."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ni ban yi boko ba, ban gina gida ba, har yau faci nake yi kuma bayana ya gaji. In ana lissafin waɗanda suka yi wani abu a duniya ba za a kira ni ba. Amma mahaifiyata ta ƙarasa shekarunta a gidana, ana ba ta ruwa in ta nema, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa ce mata ba ta iya kiwo ba. Ban yi mata musu ba, ban bar dabbarta ta mutu ba. Biyun nan tare na riƙe su rani guda a kan tsohon keke. In na tuna, ko a gaban wa nake sai in ji na zauna daidai.

Washegarin ranar da kawu ya koma ban buɗe wurin faci ba. Na je lambu na dawo, na zuba wa ɗan baƙo ganyensa a fili, Inna na zaune a gefe tana ji. Sannan na sami abokina a tasha na ce yau ba Babura za shi ba. Muka tafi ƙauye, muka ɗauko gadonta da turminta da tukwanenta, na ja ƙofar ɗakin na sa kwaɗo.