Buhun da Ƙwaro Ya Ƙi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanwata, muka nufi Sakkwato. Garin kunun jarirai da nake sayarwa a shagona ya ƙare, iyaye mata sun hana ni sakat, shi ne na ce bari in je har wurin mai yin sa in ɗebo da yawa. Kuɗin mota dai sai addu'a. A Gusau muka sha fura mai sanyi, daga Talata Mafara kuwa rana ta fara nuna mana ita ce mai gari.

Bayan azahar muka shiga Sakkwato, 'yan kabu-kabu masu babur suka sauke mu a Ƙofar Atiku. Hajiyar da ke yin garin ta tarbe mu da tuwon shinkafa, tana zolayarmu wai Kanawa ba su iya gaisuwa ba sai ciniki. Da turmi ɗaya ta fara, a tsakar gida. Yanzu ga injin niƙa, ga ɗakin shanya mai raga, ga mata kowace da ɗankwali da safar hannu, masu tsince gero, masu gasa waken suya, masu cire ƙwallon dabino. Wallahi ta burge ni. Manomanta ma takin gargajiya kawai suke zubawa.

Muna nan aka sauke geron da za a niƙa mini. Buhunan farko da aka kwance, sai ga 'yan ƙwari suna yawo. Na yamutsa fuska. Hajiya ko a jikinta, ta ce a bakace a wanke a shanya. Sauran buhunan kuwa tas, ƙwaya kamar an goge. Na ce alhamdulillahi, ga nawa. Ta tura hannu har gwiwar hannu, ta shinshina, ta kira dillalin da ya kawo.

"Malam, wanga ba daga rumbu yaf fito ba. An sa mai maganin ajiya."

Ya yi ta rantsuwa, daga baya ya sunkuyar da kai. Ta ce a mayar. Rabin kayana ke nan fa. Na roƙe ta, na ce wanki ai zai fitar.

"Ɗiyata, abin da ƙwaro yaƙ ƙi ci, shi za ni ba jinjirin mutane?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma kunya ta fi haushin yawa.

Kwana biyu muka yi, muka juyo da rabin abin da na je nema, muka iso Kano lafiya. Kafin mako ya zagayo kayan sun ƙare, wasu matan suka koma hannu rabbana suna mita. Na ba su haƙuri da zuciya ɗaya. Tafiyar nan ta koya mini cewa kyan ido ba shi ne tsabta ba. Shekara nawa ina zaɓar hatsin da ya fi sheƙi a kasuwa, ina dama wa 'ya'yana da hannuna.