Malamin da Ya Koya Mini Launin da Ba Na Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 15 ga Rajab 1407, da hantsi, ina wurin aiki aka yi mini waya cewa Ustaz Abdussamad Barau ya cika a gidansa da ke Anbariyya, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Shi ne malaminmu na kimiya, wato ilimin sinadarai, a makarantar sakandare nan Madina, kuma duk wanda ya ratsa ta hannunsa ya san cewa an yi rashi. Ni dai na ajiye wayar na zauna, hawaye ya ƙi tsayawa, ban kuma ji kunyar abokan aikina ba.

Ya Ustaz, wasu za su faɗi yadda kake sauke baƙin alhazai a zaurenka, da yadda kake raka marasa Larabci asibiti ka yi musu tafinta. Duk gaskiya ne. Ni abin da ka yi mini zan faɗa, domin ba kowa ya san shi ba.

A shekarar 1395 na shigo ajinka. Kai kaɗai ne malaminmu ɗan gida, mai jin Hausa, ko da yake a aji Larabci kake yi zalla, sai in mutum ya ba ka haushi Hausar ta kuɓuce maka. Ɗakin gwaji, wanda muke kira ma'amal, shi ne fadarka. Ka jera kwalabe na gishirin ƙarafa da aka narkar a ruwa, ka ce kowane ƙarfe da rigarsa, kuma yakan sake riga in ya gamu da wani abu. Na ga ruwan jan ƙarfe mai shuɗi-shuɗi, ka ɗiga masa amoniya ya tsinke ya yi gudaji kamar nono, ka ƙara ɗigawa gudajin ya narke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu irin na baba. Wallahi ranar ce na ƙudura a raina cewa wannan ilimi zan bi.

Sai aka zo kan baƙin ƙarfe. Ka ce iri biyu ne a ruwa, mai caji biyu da mai caji uku. In an zuba musu soda, na farko ya yi gudaji kore, na biyu ya yi ja-ja irin na tsatsa. 'Yan aji suna ta cewa a'a lallai, ga kore ga ja. Ni kuwa na duba na sake dubawa, laka ɗaya nake gani a kwalabe biyu. Na ɗauka kowa haddacewa yake yi yana faɗi, don haka ni ma na riƙa cinka. Cinken kuwa bai yi mini rana ba, na faɗi gwaji sau da dama.

Mahaifina, Alhaji Ƙasimu, dako yake yi a filin jirgi, yana sauke kayan alhazai tun kafin a haife ni, kuma mutum ne da ba ya magana biyu. Da ya ga sakamakona ya ce wasa nake yi, in shekara ta ƙare a haka to karatu ya ƙare, ya riga ya yi mini maganar gurbi a wurin shugabansu. Ban raina dako ba, da shi aka ciyar da ni. Amma na so karatun nan kamar raina, ga shi kuma yana zamewa daga hannuna ban san dalili ba.

Kai ka gano. Wata rana bayan an tashi ka tsayar da ni, ka miƙo mini kwalaben nan biyu ka ce in faɗi launinsu. Na yi cinke. Ka sauya su a bayanka, ka sake miƙowa, na sake faɗin abin da na faɗa. Ina jiran faɗa, sai na ji ka koma Hausa, murya a ƙasa: "Lurwanu, a dangin mahaifiyarka akwai wanda ake yi wa dariya kan tufafi?" Na ce akwai Kawu Sabo, wanda aka aika sayen koren yadi ya dawo da mai ruwan ƙasa yana rantsuwa. Ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka ce mini ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma lalaci ba, idona ne Allah Ya halitta ba ya raba kore da ja, kuma gado ne. Kai, na ji sanyi a ranar, na kuma ji tsoro, domin na zaci shi ke nan an rufe mini ƙofa.

Ba ka bar ni da tsoron ba. Ka ce launi shaida ɗaya ne kawai, kuma alƙalin kirki ba ya tsayawa kan shaida ɗaya. Duk Alhamis bayan la'asar sai in same ka a ma'amal, ka koya mini in tambayi ruwa abin da idona zai iya ganin amsarsa. In ina shakkar baƙin ƙarfe, in sa ɗan asid in ɗiga famanganet, maganin nan mai duhu da ake wanke miki da shi: mai caji biyu zai shanye duhun nan take, mai caji uku zai bar shi yadda yake. Ruwan ƙarfen kobalt da kuke cewa ruwan hoda ne, ni fari-fari nake ganinsa, amma in na zuba masa asid mai ƙarfi sai ya juye shuɗi, shuɗi kuwa ba ya ɓuya mini. Ba ka da haƙuri da gaggawa ko kaɗan. In na kwarara abu maimakon ɗigawa sai ka buga tebur ka ce, "Shuwayya shuwayya, ya walad, a hankali yaro, miya kake yi?"

Da ka ji batun filin jirgi, ba ka aiko a kira mahaifina makaranta ba. Kai ka taka har gidanmu a Al-Sih da ɗan akwatinka, ka zauna a tabarma, ka sha shayi, ka tambayi lafiyar mutanen Damagaram, garinmu na asali, kamar ka san su. Sannan ka haɗa kwalaben nan biyu a gabansa. Ya ce wannan kore, wannan ja, ai ko jariri ya sani. Na ce ni iri ɗaya nake gani. Ya zabura zai kai mini hannu don ya ɗauka raini ne, ka ce, "Alhaji, dakata." Ka ba ni sabon ruwa a kwalabe biyu ba tare da ka faɗi komai ba, na yi gwajina, na faɗi sunan kowanne daidai. Abin da mahaifina ya ce kawai shi ne a bar ni zuwa jarrabawa, in na faɗi kada Malam ya sake zuwa roƙo.

Ranar jarrabawar wani malami ne ya tsare mu, kai kana bakin taga ka harɗe hannu, ko kallona ba ka yi. Aka ba ni ruwan da ba a rubuta sunansa ba. Na ɗiga soda, sai ga lakar nan tawa, wadda ban san ko kore ce ko ja ba. Na ci gaba da ɗigawa a hankali, sai lakar ta fara narkewa har ta ɓace, baƙin ƙarfe kuwa ba ya yin haka. Na rubuta cewa ƙarfen kurom ne, na kawo dalilina. Na ci, na wuce jami'a, yau shekaru ke nan ina aikin gwajin ruwan sha, da shi nake riƙe iyalina da iyayena.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna. Mahaifina bai taɓa buɗe baki ya gode maka ba. In kun haɗu a Harami gaisuwa ce kawai, ni kuwa abin yana ci mini rai, kai ko a jikinka. Ranar Litinin da na gaya masa rasuwarka, ya ce a kawo masa sandarsa, alhali ya daɗe bai fita ba saboda gwiwa. Bayan an sallace ka a Masallacin Annabi aka ɗauko ka za a nufi maƙabartar Baƙi'a, sai na ga tsohon nan ya miƙa mini sandar ya kutsa cikin samari. Na riƙe shi na ce, Baba, ba za ka iya ba. Ya fizge hannunsa ya ce, "Sake ni. Na yi wa mutanen duniya dako don kuɗi. Wannan ya ɗauke wa ɗana kaya, ni zan kai shi." Ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar, bai kuma ba kowa wurin ba har bakin kabari.

Ya Allah Ka jiƙan Ustaz Abdussamad, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa bin sa da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hajiya Raliya, da 'ya'yansa Khalilu da Sharifa, da ɗalibansa duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.

Lurwanu Ƙasimu, Al-Sih, Madina.